Kalmomi Huɗu Masu Tafiya Tare Cikin Takardun Turanci

Yanzu da yawa daga cikinku sun iya karanta wasiƙa da Hausa. Sun iya rubuta sunansu, ba sai sun dangwala yatsa ba. Madalla. Amma fa da sauran aiki. Takardun da ke zuwa mana daga ofis, da banki, da asibiti, da waɗanda a ke mannawa jikin kwalabe, yawancinsu da Turanci a ke rubuta su.

Wannan abu ya daɗe. Cikin 1906 Turawa suka ci Haɗejiya da yaƙi, harshensu ya soma shiga sha'anin mulki. An sami mulkin kai cikin 1960, amma Turanci bai bar ofis ba. Har tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya ce da Turanci za a yi aikin Majalisar Tarayya, da Hausa da Ibo da Yarabanci kuma in an yi shirin haka.

Ba na ce ku ƙware da Turanci cikin dare ɗaya ba. Abu guda na ke so mu koya yau. Akwai wasu kalmomi huɗu da su kan jeru, suna tafiya tare kamar ayari. Su ne ke ɗauke da umurni, da hani, da gargaɗi. Wanda ya gane su ya gane wurin da nauyin takarda ya ke.

Abin Da Ya Sami Wani Manomi

Akwai wani dattijo cikin wani ajinmu na bakin kogi, manomin shinkafa ne. Wata shekara wata ƙungiya ta kawo iri da takin zamani, aka ba kowa takarda ya sa hannu. Dattijon nan ya kira jikansa, wanda ya ɗan taɓa makaranta, ya ce ya duba masa. Cikin takardar an rubuta haka:

"This loan must be paid back after harvest."

Yaro ya san "paid" biya ne. Ya san "back" baya ne. Sai ya haɗa, ya ce, "Kaka, sun ce za a biya ka daga baya." Tsoho ya yi murna, ya dangwala.

Da kaka ta yi, sai ga mutane sun zo karɓar bashi. Shi kuwa ya riga ya sayar da shinkafa, ya yi hidimar auren 'yarsa. Tilas ya sayar da awakinsa. Da ya kawo mini takardar, na karanta masa, sai ya yi shiru. Can ya ce, "Malam, ashe ni ne mai biya?"

Na ce, "Kai ne, Baba. Cewa aka yi, dole a mayar da wannan rance bayan girbi."

Ba wanda ya cuce shi. Yaron ma bai yi ƙarya da gangan ba. Ya san kalmomin ɗai-ɗai, bai san su a haɗe ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Mu Ma Muna Da Irinsu

Kada abin ya ba ku tsoro. Duk dabarun da ke cikin waɗannan kalmomi huɗu muna da su cikin Hausa, kullum muna faɗinsu ba mu lura ba. Dabaru uku ne.

Ta fari, mu kan ɓoye mai aiki. In ka ce, "Sarkin ruwa ya hana su," ka faɗi wanda ya hana. In ka ce, "An hana su," ba ka faɗi kowa ba. Haka "za a gyara jinga," da "a kan buɗe ruwa," da "kada a shiga." Ƙaramar kalmar nan "a" ita ke rufe mai aikin. Masu nahawun Turanci suna kiran irin wannan magana "passive."

Ta biyu, muna da kalmomin da ke nuna ƙarfin magana. "Dole a zo" dabam, "ya kamata a zo" dabam, "ana iya zuwa" dabam, "mai yiwuwa a zo" kuma dabam. In mai gari ya aiko da na fari ba ka zauna ba. In da na uku ya aiko, ka ga dama. Irin waɗannan su ne "modal" a Turanci.

Ta uku, kalmar aiki ta kan sake ma'ana in ta sami abokiya. Ku dubi "ci." Akwai cin tuwo, da cin gaba, da cin bashi, da cin amana, da cin kasuwa. Baƙon da ya san cin tuwo kaɗai, in ya ji an ce wane ya ci kasuwa, sai ya ɗauka wani dodo ne. Turanci ma haka ya ke. Sai dai su ƙananan kalmomi su ke liƙawa a baya, kamar "in," da "out," da "up," da "off," da "back," da "away." Wannan haɗi shi ne "phrasal verb."

To, in dabarun nan uku suka haɗu wuri ɗaya, sai a sami ayarin kalmomi huɗu.

Yadda Ayarin Ya Ke Jeruwa

Mu koma ga takardar dattijon nan: "must be paid back."

1. "must" ita ce jagora. Ita ke faɗin ko dole ne, ko shawara, ko izini.
2. "be" ita ce alamar an ɓoye mai aiki. Kamar "a" ɗinmu ta ke. Ana faɗinta "bi."
3. "paid" ita ce kalmar aiki.
4. "back" ita ce wutsiya. Ita ke juya ma'anar kalmar aiki.

Wannan jeri ba ya sakewa. Jagora a gaba, sa'an nan "be," sa'an nan kalmar aiki, sa'an nan wutsiya. Abin da za a yi wa aikin kuwa, watau rance, ko fom, ko gona, shi ke zuwa tun farko kafin jagora.

Ku lura da amfanin "be." In an rubuta "You must pay back," an nuna ka da yatsa, an ce kai ka biya. In an rubuta "It must be paid back," an ce dai dole a biya, ba a ambaci kowa ba. Amma rashin ambato ba ya sauke nauyi. Galibi wanda ya sa hannu a ƙasan takarda, shi a ke nufi.

Jagorori Biyar

Ga su nan, ku hardace su kamar yadda kuka hardace baƙaƙe.

"must," ana faɗinta "mos." Ma'anarta dole, tilas.
"should," ana faɗinta "shud." Ma'anarta ya kamata.
"can," ana faɗinta "kan." Ma'anarta ana iya. Ku yi hankali, ba "can" ɗinmu na nesa ba ce, rubutu ne kawai ya zo ɗaya.
"may," ana faɗinta "me." Ma'anarta biyu: an yarda, ko kuwa mai yiwuwa.
"will," ana faɗinta "wil." Ma'anarta za a.

Yanzu ku ga yadda jagora ke sake magana, alhali sauran kalmomin suna nan yadda su ke. "Hand in" shi ne miƙa takarda ga ofis.

"The form must be handed in." Dole a miƙa fom.
"The form should be handed in." Ya kamata a miƙa fom.
"The form can be handed in." Ana iya miƙa fom.
"The form will be handed in." Za a miƙa fom.

Akwai kuma wata 'yar kalma mai baƙaƙe uku, "not." Ita ce ke kore magana, kuma mazauninta tsakanin jagora da "be." In kun ga "must not be," to, kada a yi ke nan, hani ne mai ƙarfi. "Should not be," bai kamata a yi ba. "Cannot be," ba ya yiwuwa a yi. "Will not be," ba za a yi ba. Wani lokaci a kan gajarta ta, ku ga "can't" ko "won't" ko "mustn't." Ƙaramin waƙafin nan na sama shi ke nuna an haɗiye harafi. Mai gaggawar karatu ya kan tsallake "not," ya yi daidai abin da aka hana shi.

Kalmar Aiki Ta Kan Sake Riga

In kalmar aiki ta biyo bayan "be," ba ta zuwa da kamanninta na kullum. Yawancinsu su kan ƙara "ed" a ƙarshe: "fill" ta zama "filled," "hand" ta zama "handed," "wash" ta zama "washed," "turn" ta zama "turned."

Wasu kuwa masu taurin kai ne, sai an hardace su: "pay" ta zama "paid," "take" ta zama "taken," "give" ta zama "given," "keep" ta zama "kept," "throw" ta zama "thrown," "write" ta zama "written."

Wasu kuma ba su sakewa ko kaɗan: "put," da "cut," da "shut."

A nan ne jikan dattijon nan ya fara tuntuɓe. A makaranta an koya masa "paid" aikin da ya wuce ne. Amma in jagora tana gaba, aikin bai auku ba tukuna. Yana nan tafe, yana jiran mai yi.

Dafin Yana Ga Wutsiya

Kunama ba da baki ta ke harbi ba. Haka ayarin nan. Ku dubi kalma guda, "put," watau ajiye, ku ga abin da wutsiya ke yi mata.

"The meeting may be put off." Mai yiwuwa a ɗaga taron zuwa wata rana.
"The fire must be put out." Dole a kashe wutar.
"A notice will be put up." Za a kafa sanarwa.

Ga kuma "take," watau ɗauka.

"The pump can be taken back." Ana iya karɓe injin a mayar wa mai shi.
"The plot may be taken over." Mai yiwuwa wani ya karɓe filin ya riƙe.
"The animals should be taken away." Ya kamata a kawar da dabbobi.

Akwai biyu da su kan ruɗa mutane ƙwarai. "Put off" ɗagawa ne, za a yi taron wata rana. "Called off" kuwa sokewa ne, an fasa ɗungum. Wanda bai bambanta su ba, ko dai ya yi asarar kuɗin mota daga Guri zuwa Haɗejiya a banza, ko kuwa ya zauna gida a yi rabo ba shi.

Haka kuma "turned down." Mai ɗan sani zai ce juyawa ƙasa ne. A'a. In an ce "Your application may be turned down," ana nufin mai yiwuwa a ƙi karɓar roƙonka.

Inda Za Ku Gamu Da Su

Na ɗaya, wajen ruwa. Kun san Kogin Haɗejiya ruwan Kogin Kano ne da na Calawa suka haɗu. Dā ruwan nan damina kaɗai ke juya shi. Amma an gama madatsar Tiga cikin 1974, an kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are cikin 1976, an kuma gama madatsar Calawa cikin 1992. Tun daga nan sai ya zama akwai hannun mutum cikin buɗe ruwa da rufe shi. Inda hannun ma'aikata ya shiga kuwa, takarda ta shiga. Masu noman rani wajen Auyo za su iya ganin irin waɗannan:

"The water will be shut off." Za a rufe ruwa.
"The canal must be cleaned out." Dole a yashe kanal.
"The grass should be cut down." Ya kamata a sare ciyawa.

Duk wanda ya ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa tsakanin Kirikasamma da Guri da Nguru ya san wannan ba maganar wasa ba ce.

Na biyu, gargaɗin ambaliya. Ba wanda ya manta da 2022, shekarar da ruwa ya ci gonaki da gidaje masu yawa a Jihar Jigawa, mutane suka koma zaman makarantu da bakin titi. Kowace shekara hukumomin tarayya masu lura da yanayi da koguna su kan fitar da hasashen damina da na ambaliya, da Turanci su kan fara rubuta shi. Ga irin maganar da a ke yi a irin wannan gargaɗi:

"Crops may be washed away." Mai yiwuwa ruwa ya tafi da amfanin gona.
"Villages may be cut off." Mai yiwuwa hanya ta yanke, a kasa kai wa ga ƙauyuka.
"The embankment should be built up." Ya kamata a ƙara wa jinga tsawo.

A nan "may" ba izini ba ne, gargaɗi ne. Ba a ce lalle zai auku ba, ba a kuma ce ba zai auku ba. Mai hankali ya kan ɗauke hatsinsa zuwa tudu tun ruwa bai iso ba.

Na uku, jikin kwalba. Maganin ƙwari da na ciyawa sun shiga kowace fadama. Cikin 1993 aka kafa hukumar NAFDAC mai duba abinci da magunguna, lambarta ce ku ke gani a jikin kwalabe da kwalaye. Bayan kun duba lambar, ku duba ayarinmu:

"It must be kept away from children." Dole a nisanta shi daga yara.
"It must be locked up." Dole a kulle shi.
"It should be washed off at once." Ya kamata a wanke shi nan take in ya taɓa jiki.
"It must not be poured away into rivers." Kada a zubar da shi cikin kogi.

Ku tuna, kogin da ka wanke tulun feshi a ciki, shi masunta ke kama kifin da a ke kai wa kasuwar Haɗejiya. Shi kuma 'yan'uwanmu na ƙasa ke sha, har Gashuwa, har inda ruwan ya nufi Tafkin Cadi. Kuma kada a mai da kwalbar maganin feshi ta zama ta man gyaɗa ko ta ruwan sha, komi wankin da aka yi mata.

Na huɗu, takardar rance da ta ofis.

"This form must be filled in." Dole a cika wannan fom.
"No space should be left out." Kada a tsallake ko wuri ɗaya.
"The money cannot be given back." Ba za a iya mayar da kuɗin ba.
"Your name may be struck off." Mai yiwuwa a soke sunanka.

Tarko Uku

Tarko na fari, kalmar "by." Ta kan biyo bayan wutsiya, kuma aikinta biyu. In sunan mutum ya biyo ta, to, ta tona mai aikin: "must be paid back by the farmer," manomi ne zai biya. In kuwa kwanan wata ya biyo ta, iyaka ce: "must be paid back by 30 June," watau kada a wuce ran 30 ga Yuni. Ba a ce a fara biya ran nan ba. Cewa aka yi a gama kafin ranar ta wuce.

Tarko na biyu, "may not be." Wani lokaci ana nufin ba a yarda ba. Wani lokaci ana nufin mai yiwuwa ba za a yi ba. A takardar doka yawanci hani ne. In kun yi shakka, ku tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Tarko na uku, wani lokaci ayarin ya kan zama biyar. Maimakon "be" sai ku ga "have been." Wannan maganar abin da ya wuce ce. "The form should have been handed in," watau ya kamata a ce tuni an miƙa fom, amma ba a miƙa ba. In kun ga haka, lokaci ya ƙure, sai a tashi a bi sawu tun da wuri.

Yadda Za Ku Yi Tambaya

In kuna so ku yi tambaya, sai ku ciro jagora ku kai ta gaba duka.

"Can it be put off?" Ana iya ɗagawa?
"Will it be given back?" Za a mayar?
"When must it be paid back?" Yaushe ne dole a biya?

Ko da ba ku faɗe su da Turanci ba, ku yi su da Hausa. Ma'aikacin kirki ba ya fushi don an tambaye shi. Kuɗinka ne, gonarka ce, sunanka ne a takarda.

Saboda haka, duk ran da aka miƙo maka takardar Turanci, kada ka yi gaggawa. Bi ta da yatsa, layi layi, kana neman "be." In ka same ta, dubi kalmar da ke gabanta da biyun da ke bayanta. Sa'an nan ka tambayi mai karanta maka abu huɗu. Dole ne ko shawara? Akwai "not" a ciki? Me wutsiyar ta mai da maganar? Wa zai yi aikin, kuma yaushe? In amsarsa ba ta gamsar da kai ba, kawo takardar aji mu duba tare. Kwana ɗaya ba ya ɓata rance, amma dangwale ɗaya ya kan ci garke.

Dattijon nan da na ba ku labari bai bar aji ba. Yanzu in an ba shi takarda, da kansa ya ke neman "must," ya ja layi a ƙarƙashinta da fensir, sa'an nan ya kira jikan nasa su zauna su warware ta tare.

Aikin Gida

1. Faɗi kalmomi huɗu na ayarin nan bi da bi, da aikin kowace.
2. Mene ne bambancin "must be" da "may be"?
3. An ce, "The meeting will be called off." Za ka tafi taron ko ba za ka ba? Don me?
4. Mai da wannan Hausa: "The seed must not be given out."  "Give out" shi ne rabawa.
5. An ce, "The pump must be brought back by 5 May." Wace rana ce iyaka?
6. Nemo kwalbar magani ko buhun taki a gidanka. Kwafe duk layin da ka ga "be" a ciki, ka kawo aji mako mai zuwa. Kwafi za ka kawo, ka bar kwalbar a kulle, ka kuma wanke hannunka da sabulu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da sa hannu cikin duhu. Amin.